Gammon da Na Naɗa wa Pati

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san inda ƙafa za ta taka tun mai ita bai sani ba.

Sunana Uwani, mutuniyar Malumfashi ce ni. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, daga nan na yi shekara goma sha ɗaya ina kula da majinyata a ɗakin mata na wani asibiti. Bayan rasuwar maigidana, ƙanena Lawal, wanda yake aikin injiniya a Amurka, ya yi mini takardu. Ba zan tsaya kan yadda na baro gida ba. Abin da na tarar zan faɗa, bi da bi, yadda ya faru.

Zangona na farko gidan Lawal ne a Takoma Park. Ɗaki biyu ne, shi da matarsa da yara uku, ni ina kwana a falo. Yaran suna jin Hausa amma da Turanci suke amsa mini, kuma in na kira ɗayansu sai ya ce in jira shi minti ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun unguwar. Wata huɗu ban ji sallama a ƙofa ba. Maƙwabci zai wuce ka da karensa, karen ya dube ka, shi bai dube ka ba.

A wata na biyar wani ɗan ƙasarmu, ba zan faɗi garinsu ba don kada in ɓata wa garin suna, ya ce yana da makarantar koyon kula da tsofaffi. Mu tara muka yi mako biyu a ɗakin ƙasa na wani gida muna kallon bidiyo, ya ba mu satifiket mai hatimin ruwan zinariya. Na goge hijabina na kai takardar wata ejansi a Laurel. Matar da ke ɗaukar ma'aikata, baƙar Ba'amurkiya ce mai furfura, ta juya takardar, ta duba kwamfuta, ta ce, "Mama, wannan makarantar babu ita a duniya." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Matar ba ta yi mini dariya ba. Ta yagi takarda ta rubuta mini sunan makarantar gaskiya da lambar bas ɗin da zan hau, ta ce in na gama in dawo wurinta.

Zango na biyu Laurel ne. Na kama ɗaki tare da wata nas 'yar Filato, na sami aikin cika kwalaye a wani sito da safe, da yamma ina zuwa makaranta. A nan na san sanyin da ke shiga haƙori. A nan kuma, ina tsaye a gaban kwalaye, babbar yayarmu, Yaya Hajara, ta kira ni daga gida ta ce Inna ta cika, a cinyarta. Na ce innalillahi, na gama kwalin da ke hannuna, sannan na je banɗaki na yi kukana. Jarrabawa ta kayar da ni sau ɗaya, a ta biyu na ci. Na koma wurin mai furfura, ta cika alkawari.

Zango na uku shi ne dalilin wannan rubutu.

An tura ni gidan wani likita ɗan Indiya, Dakta Kannan, in kula da mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas. Kowa a gidan Pati yake ce mata, wato kaka a harshensu, ni ma na bi sahu. Ita kuma Uwani-ma take ce mini, yadda suke ƙara wa sunan mace a harshensu. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ta. Tana tafiya da sanda a hannun hagu, hannun dama kuwa ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa.

A makon farko na kusa rasa aikin. Na ga tsohuwa ta rame, ba ta cin komai sai shinkafa da miyar wake da nono, sai na ce a raina wannan rashin nama ne. Na kawo dambun naman da matar Lawal ta yi, na sa a firjinsu da niyyar in ɗan barbaɗa mata. Surukarta Mira ta buɗe robar, ta yi ƙara kamar ta ga maciji. Ashe tun kakanninsu nama bai taɓa shiga gidan ba, balle na saniya. Aka fitar da komai, aka wanke firji sau biyu. Na ba da haƙuri a tsaye, na fara neman jakata. Pati ce ta ce, "Ku bar ta. Ita kaɗai ce ta lura na rame."

Daga ranar muka daidaita. Na tsara mata yini: wanka ƙarfe takwas, motsa ƙafa ƙarfe tara, magani da abinci, sannan hutu. In lokacin salla ya yi ita ke nuna mini agogo. A lokacin motsa ƙafa take ba ni labaran garinsu, Palani, can kudancin Indiya, inda akwai wani gidan bauta a kan dutse, ana hawa matakala ɗaruruwa kafin a kai. Na gaya mata tun farko cewa ni Musulma ce, ban yarda da ko ɗaya ba. Ta ce, "Na sani. Ɗaga mini ƙafar ki saurara."

Labari na farko, a faɗarsu, wani abin bautarsu yana da 'ya'ya biyu maza, babban mai kan giwa, ƙaramin kuma sunansa Murugan. Aka kawo wa iyayen mangwaro guda ɗaya na ilimi, wanda ba a raba shi. Suka ce duk wanda ya riga zagaya duniya shi zai sha. Murugan ya haye ɗawisunsa ya tashi. Babban kuwa bai je ko'ina ba, ya zagaya uwa da uba, ya ce su ne duniyarsa. Aka ba shi. Da ƙaramin ya dawo a gajiye ya tarar an gama, sai ya yi fushi, ya tuɓe adonsa, ya tafi kudu ya tsaya a Palani.

Yaya Hajara ce ta faɗo mini a rai, ita da ta zauna gida da Inna. Na ce, "Ai babban ya fi hankali."

Pati ta ce, "Ya fi. Amma ni ta ƙaramin ce. Ke ma haka. Duk wanda kika gani a ƙasar nan da akwati, ɗawisu ya hau."

Na ce ta miƙo ɗaya ƙafar.

Labari na biyu ya ɗauke mu kwana uku, don tana yi tana komawa baya. Wani tsoho mai ilimi a cikinsu ya so a kai masa duwatsu biyu kudu, sai ya sa almajirinsa, wani basamude mai suna Idumban. Idumban ya ɗaure duwatsun a bakin sanda, ɗaya nan ɗaya can, ya saɓa a kafaɗa, kamar dai yadda 'yan garuwa suke yi a wurinmu. Ya yi ta tafiya har ya iso Palani, gajiya ta kama shi, ya sauke don ya huta. Da ya zo ɗagawa, dutse ya ƙi. Ya duba sai ya ga wani yaro da bante a kan ɗayan, yana cewa nasa ne. Suka yi faɗa, yaron ya kayar da shi matacce, ashe Murugan ne. Bayan an dawo masa da ransa, Idumban ya roƙi a bar shi ya zama mai gadin dutsen, ya kuma roƙi duk wanda ya ɗauko kaya a jikinsa ya kawo wurin a biya masa bukata. Shi ya sa har yau mutanensu ke ɗaukar kaya, wasu a kafaɗa, mata kuma tulun madara a ka.

Na ce, "Laifinsa ne. Ba a sauke kaya a filin da ba a san mai shi ba."

Ta yi dariya har da tari. Da tarin ya lafa sai ta ce, "Ni ma akwai kaya a kaina, Uwani-ma."

Shekara shida kafin zuwana an yi wa Dakta Kannan aikin zuciya. Ranar ta ɗauki alkawari, in ya tashi za ta ɗauki tulun madara a ka, ba takalmi, ta zagaya gidan bautarsu na nan Maryland, wanda aka gina wa wannan Murugan ɗin, ta kai har ƙofa ba ta sauke ba. Ɗan ya tashi. Kafin idinsu na shekara da ake ɗaukar tulun ya zagayo, ciwo ya kayar da ita. Sauran mata da hannu suke tallafe tulun. Ita hannu ɗaya na sanda ne, ɗayan ba ya kai wa. Dakta ya ce zai ɗaukar mata, ta ƙi. Ya ce ta rungume tulun a keken guragu a tura ta, ta ce ba haka ta faɗa ba. Duk shekara idan idin ya wuce sai ta yi mako ba ta magana. Ta ce mini, "Ba na tsoron mutuwa. Ina jin kunyar tafiya da magana a bakina."

Wata Talata na dawo daga kanti, buhun shinkafa a kaina, leda a kowane hannu, na tura ƙofa da ƙafa. Pati tana kujerarta ta bakin taga. Ta ce, "Tsaya nan. Me ke ƙarƙashin buhun?" Na sauke, na nuna mata mayafina da na naɗe. Ta karɓa tana jujjuyawa. Ta ce, "Summadu! Uwata haka take yi in za ta rijiya. Na manta da shi, shekara sittin." Na ce mu gammo muke ce masa. Ta dube ni, na dube ta. Kowaccenmu ta san abin da ke ran 'yar'uwarta: in da gammo, tulu ba ya bukatar hannu.

Na je wa Lawal da maganar ranar Lahadi. Ya ajiye cokali.

"Yaya Uwani, bautar gumaka fa za ki taya."

"Ƙafa da wuya zan taya. Aikin da aka ɗauke ni ke nan."

"In ta faɗi fa? Kin san ƙasar nan. Ba korarki kawai za su yi ba, takardar aikin za su karɓe."

"Bana za ta je, ko da ni ko ba ni, na gani a idonta. In ba ni, tabbas za ta faɗi."

Ya ce, "Ke dai tun muna yara ba a juya ki." Na ce shi ya sa ya iya karatu.

Na gindaya wa kaina sharuɗɗa, na kuma faɗa wa Pati. Da ruwa kawai za mu yi koyo. Ba zan taɓa madarar ba, ba zan taɓa tulun ba. Ba zan taka matakalar ginin ba. Ta ce ta yarda. Lawal har yau bai gamsu ba. Allah ne Ya san niyyata.

Saura mako goma sha ɗaya idin. Ranar hutuna na hau bas biyu na je gidan bautar, na zagaya ginin ta waje da irin takun Pati, na ƙirga taku ɗari uku da ashirin da shida, sai matakala shida. Na sayi littafi na ja layi. Makon farko tsayuwa kawai ta yi a jikin bango, gammo a ka, haɓa sama. Na biyu na ɗora mata kwanon silba ba komai a ciki. Na uku muka fara tafiya a zaure, ina biye da ita, hannuna a ɗamarar da ke ƙugunta. Da muka zo ruwa ban fara da rabi ba, don duk wadda ta yi ɗiba ta san rabin ruwa ya fi cikakke tangaɗi. Na cika shi fal. Ta jiƙa ni, ta jiƙa kafet, ta zage ni da harshensu, na ce a sake. Ina ƙirga mata da Hausa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, a tsaya a ja numfashi, har ta iya da kanta. A mako na bakwai muka cire takalmi muka fita kwaltar ƙofar gida.

A nan Dakta ya same mu wata Alhamis da ya dawo da wuri. Ya fito daga mota ya ga uwarsa ba takalmi da kwanon ruwa a ka. Bai yi ihu ba, sai da na zaunar da ita.

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ya kamata in tambaye ka, ban tambaya ba don na san amsar."

"Kin san in ƙugunta ya karye ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba? Gidan tsofaffi za ta tafi. Yanzu zan kira ejansinku."

Na ce ya kira, amma ya fara duba wannan. Na miƙa masa littafin. Kowace rana da takunta, da bugun jininta kafin da bayan, da ranar da ta yi tuntuɓe da dalilin. Ranar farko taku tara. Ranar da ya kama mu, ɗari biyu da arba'in. Ya yi ta buɗa shafi a tsaye. Ya ce, "Masu gashin ƙashi sun ce ba za ta wuce hamsin ba."

Pati ta ce daga kujera, "Kannan, zuciyar da kake fushi da ita, a kanta na yi alkawarin."

Ya rufe littafin. Ya ce shi zai bi bayanta ranar, kuma in ya ga ta karkata zai ɗauke tulun, kowa ya ce abin da zai ce.

Ranar ta zo da rana mai kyau, farkon bazararsu. Filin ajiye motoci ya cika da mutane cikin rawayen kaya, ana kaɗa ganguna ana busa wata doguwar algaita. A nan na gane kuskurena. Ni mai son tsari, ban taɓa cewa a nuna mini tulun ba. Da kwano mai faɗin gindi muka yi koyo. Tulun kuwa na tagulla ne, ƙarami, gindinsa bai fi tafin hannu ba, an rufe bakinsa da ganye. A gammona zai nutse ya kwanta. Ban gama wannan tunani ba Mira ta zo a ruɗe ta ce mayafina ma ba zai yi ba, sai sabon ƙyalle rawaya. Ta miƙo mini nata na siliki. Siliki ba ya riƙe gammo, zamewa yake.

Na duba sai na ga sabon mayani rawaya na auduga a kafaɗar Dakta. Na ce, "Ranka ya daɗe, kawo wannan." Na murɗe shi tamau, na naɗe a yatsu uku maimakon a hannu, na cusa bakin. Na ɗora a kan Pati na danna. Na ja da baya. Dakta ya ɗora tulun, ina ce masa gaba kaɗan, hagu kaɗan, saki. Ya saki. Tulu ya zauna.

Jama'a suka yi gaba, mu ne na ƙarshe. Pati a tsakiya, ɗanta a baya hannunsa a ɗamara, ni a gefe da takalmina da hijabina, ina ƙirgawa. Ɗari na farko lafiya. A bayan ginin akwai ɗan gangare, a taku na ɗari biyu da goma ƙafar dama ta fara rawa. Ta tsaya. Tulun ya ɗan karkata, madara ta gangaro mata ta kunne. Na ga hannun Dakta ya tashi.

Na ce, "Dakta, sauke hannunka."

"Za ta faɗi!"

"Ba za ta faɗi ba, ƙasa take kallo. Pati, haɓa sama. Ga bishiya can, ita za ki kalla."

Bakinta yana motsi, na ɗauka addu'arsu take yi. Da na matsa sai na ji tana cewa ɗaya, biyu. Haɓar ta tashi, tulun ya koma mazauninsa. Sanda ta yi gaba, ƙafa ta bi. Masu ganga sun riga sun shige, amma wasu mata da suka waiwayo suka tsaya, suka buɗe mana hanya. A bakin matakala na tsaya, nan ne iyakata. Ta hau shidan tana hutawa a kowace. A ƙofa wasu maza biyu suka sauke tulun daga kanta, aka shiga da ita. Abin da aka yi a ciki ban gani ba, ban kuma tambaya ba.

Na koma bayan motar Dakta na shimfiɗa kwali a ciyawa na yi azahar. Ina sallamewa na ga mata huɗu suna jirana, haifaffun nan ne, suna murza kafaɗunsu da suka ƙage. Ɗaya ta ce, "Anti, nuna mana abin nan." Na ce su yi layi. Na koya musu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta naɗa sako-sako na warware na ce ta sake.

Can aka turo Pati a keke, gashinta duk madara, ƙafafunta sun yi ja. Dakta idonsa ya kumbura. Ya tsaya a gabana ya haɗa hannuwansa biyu, ya ce, "Faɗi abin da zan yi miki."

Na ce, "A bar ta a gidanta. A kuma sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, wata uku ina faɗa."

Pati ta kama bakin hijabina da hannun nan da ba ya ɗaguwa. Ta ce, "Kaina ya yi sakayau, Uwani-ma. Gobe hutu ko?"

Na ce, "Alkawari ne ya cika, ƙafa ba ta gama warkewa ba. Gobe ƙarfe tara."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni ƙasar da ba ta san sunana ba, Ya kuma sa abin da na koya a hanyar rijiya ya yi mini rana a can.